Ɗan Togo a Bakin Tekun Ƙanƙara: Nazari a kan "L'Africain du Groenland"

Tun lokacin da ƴan Afirka suka fara rubuta labarin tafiye-tafiyensu da harshen Faransanci, kusan hanya guda kowa ke bi: daga ƙauye zuwa makarantar boko, daga makaranta zuwa babban birni, daga nan sai Paris. A kan hanyar Paris Camara Laye ya rabu da mai karatu a ƙarshen "L'Enfant noir" a 1953. Can Bernard Dadié ya kai mu cikin "Un Nègre à Paris" a 1959. Can kuma Samba Diallo na Cheikh Hamidou Kane ya je ya komo da zuciya biyu a 1961. Ko a adabinmu na Hausa, tafiyar da Abubakar Imam ya ba da labarinta cikin "Tafiya Mabuɗin Ilmi" Ingila ta nufa. Wanda aka mallaka yakan so ya ga gidan wanda ya mallake shi, ba abin mamaki ba ne.

Littafin da za mu duba a yau ya kauce wa wannan turba. Marubucinsa, Tété-Michel Kpomassie, ya bi ta Paris kamar yadda fatake ke bi ta zango: ya sauke kaya, ya sha ruwa, ya ƙara gaba. Inda ya nufa shi ne Girinlan, tsibirin da mazauna cikinsa ke kira Kalaallit Nunaat, wato ya tafi neman wata al'umma wadda ita ma a ƙarƙashin Turawa take. Kamfanin Flammarion ya buga littafin a 1981, tare da gabatarwar Jean Malaurie, Bafaranshen nan masanin ƙasashen ƙanƙara. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1983, aka sake buga fassarar a 2001 da kuma 2022. Tambayar da nake so mu riƙe ita ce: idan wanda aka saba kallo ya zama mai kallo, shin idonsa nasa ne, ko kuwa aro ya yi?

Daga bisan kwakwa zuwa bakin fiyod

An haifi Kpomassie a kudancin Togo a 1941, a gidan mata da yawa, cikin al'ummar Mina. Bai buɗe littafin da ƙanƙara ba, da maciji ya buɗe shi. Yana saurayi ya hau itacen kwakwa, maciji ya rutsa da shi a can sama, ya faɗo ya kwanta ciwo. Mahaifinsa ya kai shi kurmin tsafi na Bè, wajen matar da ke shugabantar bautar mesa. Ta yi masa magani, ta kuma nemi a sallama mata shi ya zama mai hidimar tsafin. Yana cikin murmurewa ne ya ci karo, a wani kantin littattafai na ƴan mishan a Lome, da littafin Robert Gessain mai suna "Les Esquimaux du Groenland à l'Alaska". A ciki ya ga ƙasar da babu maciji, babu itace, kuma ba a tsananta wa yara. Ya gudu daga gida a 1958. Ya bi ta Abijan, Akra, Dakar, Marsai, Paris, Bon da Kopenhag, yana aiki a kowane zango yana tara kuɗin mota da na jirgi, yana koyon harsuna, har ya sauka a Julianehåb, garin da ake kira Qaqortoq a yau, cikin watan Yuni na 1965.

Wannan doguwar shimfiɗa a Togo ita ce ginshiƙin littafin. Marubutan Turai da suka je ƙasashen nesa sukan ɓoye inda suka fito, kamar su ba su da al'ada, kamar mudun da ake auna kowa da shi a hannunsu yake. Kpomassie ya fara da ajiye nasa mudun a gabanmu. Mun ga ubansa, mun ga matan ubansa, mun ga tsafin gidansu da tsoron da ya kore shi. Saboda haka duk abin da zai faɗa daga baya a kan mutanen Girinlan, mun san bakin da ya fito, muna kuma iya auna shi. Wanda ya nuna maka gidansu kafin ya ba ka labarin gidan wani ya riga ya yi rabin adalci.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a san irin ƙasar da ake magana a kanta. Faɗin Girinlan ya haura murabba'in kilomita miliyan 2, wato ya fi Nijar girma nesa ba kusa ba, amma kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar ƙanƙara ce ta rufe shi. Jama'arta, waɗanda a lokacin tafiyar wajen 40,000 ne, a yau kuwa wajen 56,000, duk a gefen teku suke zaune. Gaɓar kuwa a tsattsage take da abin da ake kira fiyod, kalmar da aka aro daga mutanen Norwe. Wani dogon kwari ne da ƙanƙara ta haƙa cikin dutse a tsawon dubban shekaru tana gangarowa daga tudu. Da ta janye sai ruwan teku ya shigo ya cike gurbin. Mai karatu ya ƙiyasta ƙoramar dutse irin ta Abzin, amma mai zurfin ɗaruruwan mitoci, cike da ruwan gishiri, da tsaunukan ƙanƙara suna yawo a cikinta. A bakin irin waɗannan lunguna ƙauyuka ke maƙale, domin abinci daga ruwa yake fitowa. A zamanin babu hanyar mota da ta haɗa gari da gari. Sai jirgin ruwa da bazara, sai keken ƙanƙara da karnuka ke ja idan teku ta daskare a arewa.

Baƙo, ba ɗan kallo ba

Babban abin da ya raba wannan littafi da sauran labaran tafiya zuwa irin waɗannan wurare shi ne inda marubucin ke kwana. Mai yawon buɗe ido yakan tsaya a bisan jirgi ya ga dutse da ruwa da haske, ƙauyen kuma ya zame masa ƴan ɗigo-ɗigon launi a gindin tsauni, abin ƙawata hoto. Kpomassie ba shi da kuɗin masauki, tilas ya kwana a gidajen mutane. Ranar da ya sauka, taron da ke bakin gaɓa ya yi tsit, yara suka ɓuya bayan iyayensu mata, suna zaton wani dodo ne daga cikin na tatsuniyoyinsu. Ba a jima ba aka fara rububin saukar da shi, aka laƙaba masa Mikilissuaq, wato Mishel ƙato, saboda tsawonsa. Daga nan duk abin da ya sani game da ƙasar ta ƙofar ɗaki ya shigo masa.

Don haka ne ma daji da teku a cikin littafin ba abin kallo ba ne kawai. Ƙanƙara tana da kyau, ya kuwa bayyana kyanta, amma abin da ya fi tsayawa a kai shi ne ko za ta ɗauki nauyin mutum da karnukansa, da irin takalmin fata da mata ke ɗinkawa don kada ƙafa ta mutu, da yadda ake jiran dabbar nan mai kama da ayu da Faransawa ke kira fok. Ya ci ɗanyen nama da kitse, ya ci fatar balen, babbar dabbar teku, wadda suke kira mattak. Bai ɓoye cewa da farko zuciyarsa ta tashi ba, bai kuma ɓoye cewa ya ci don kada ya kunyata masu gida ba. Duk wanda ya taɓa sauka gidan da ba nasu ba, aka miƙo masa ƙwarya, ya san wannan hali. Karnukan ma da ake nunawa a hotuna kamar abin sha'awa, a wajensa dabbobi ne masu yunwa, waɗanda ke iya far wa yaro idan ya faɗi a tsakaninsu.

Shafukan da suka fi ƙarfi su ne na lokacin duhu. A yankin Jakobshavn, wato Ilulissat, rana takan ɓace daga ƙarshen Nuwamba, ba a sake ganinta sai wajen 13 ga Janairu. Ya yi wani ɓangare na wannan lokaci a Rodebay, wanda yanzu ake kira Oqaatsut, ƙaramin ƙauye a arewa da Ilulissat, a gidan talakawa inda sanyi da ƙarancin abinci suka haɗu. Ya nuna yadda kusantowar dogon dare ke dagula zukatan mutane, wasu su yi ta zirga-zirga daga gida zuwa gida, wasu su yi shiru, wasu su fusata ba dalili. A nan alƙalaminsa ba ya ado, kuma rashin adon ne ya sa mai karatu ke jin nauyin duhun. Mu da muke lissafin rayuwa da damina da rani, mun san cewa yanayi ba labule ne da aka rataya bayan mutum ba. Shi ke faɗa maka ranar ƙoshi da ranar yunwa. Kpomassie ya je da wannan sani daga gida, shi ya sa ya ga abin da ɗan birnin Turai kan wuce bai gani ba.

Haka nan idan ya zo kan imani. Da ya ji yadda mafarauta ke girmama ran dabbar da suka kashe, da yadda ake mayar wa jariri sunan mamaci, sai ya ɗauko abin da ya sani daga Togo ya jera su gefe da gefe. Ba ya kwatanta su da Faransa, da gidan ubansa yake kwatanta su. Wannan kwatanci tsakanin al'ummu biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, ba tare da Bature ya tsaya a tsakani yana tafinta ba, shi ne sabon abin da littafin ya kawo. Jean Rouch da Damouré Zika sun yi wani abu mai kama da haka cikin fim ɗin "Petit à petit", inda ɗan Nijar ke bin mutanen Paris yana auna su, sai dai nasu ba'a ce da aka shirya don a rama. Na Kpomassie ba ramuwa ba ce, domin waɗanda ya je wajensu ba su taɓa yi masa komai ba.

Tabarau na aro

Duk da haka, yabon ɗan kuturu ba ya ƙarewa sai an duba yatsunsa. Kpomassie ya tafi ne neman mutanen da ya gani cikin littafin Gessain: mafarauci cikin rigar fata, a ƙaramin kwalekwalensa. Da ya sauka a kudu sai ya tarar da samari cikin tufafin Turai, da gidajen katako, da raye-rayen dare, da giya, da mutanen da ke jiran tallafin gwamnatin Danmak. Ransa ya ɓaci, bai kuwa ɓoye ba. Daga nan tafiyar tasa ta zama gudu zuwa arewa: Frederikshåb, Godthåb, Sukkertoppen, Holsteinsborg, Egedesminde, Jakobshavn, har Upernavik, kullum yana sa ran Eskimo na gaskiya yana gari na gaba. Ya so ya kai Thule, bai samu hali ba. Hankalinsa bai kwanta ba sai da ya sami wani dattijo a Upernavik, mai zama cikin ɗakin da aka gina da dutse da ƙasa mai ciyawa irin na da, ya sauka a wajensa.

Wannan ƙishirwa ta neman "na gaskiya" mun san ta, domin a kanmu aka sha gwada ta. Ita ce ke kawo baƙo Agadas ko Ingal neman Ba'abzine ko Boɗaɗo irin na cikin hoto, idan ya gan shi a kan babur da rediyo a hannu sai ya ji kamar an cuce shi. Wanda ke neman al'umma ta tsaya cak yadda ya karanta ta, ba mutanen yake so ba, littafinsa yake so. Abin takaici shi ne ɗan Togon da ya san zafin irin wannan kallo ya ɗauki tabaran ya sa a idonsa a shafuka da dama. Matashin Qaqortoq mai wandon Turawa bai fi dattijon Upernavik zama na jabu ba, kamar yadda shi kansa marubucin, mai rubutu da Faransanci, bai daina zama Mina ba.

Rauni na biyu ya fi wannan nauyi. Ya ga shaye-shaye, ya ga zaman banza, ya ga gidajen da suka tarwatse, ya kuma rubuta su ba rufa-rufa. Sai dai bai cika tsayawa ya tono tushensu ba. Tarihi kuwa yana nan a fili. A 1953 Danmak ta soke sunan mulkin mallaka ta mayar da Girinlan wani yanki nata, kuma a shekarar ne aka tashi mutanen Thule daga mazauninsu saboda sansanin sojan saman Amurka. A shekarun 1950 da 1960 hukuma ta bi manufar tattara jama'a daga ƙananan ƙauyukan bakin fiyod zuwa ƴan garuruwan da ke da masana'antun kifi. Ƙauyen da aka daina kai wa kaya ko aka rufe masa kanti da makaranta, tilas ya watse. A daidai lokacin da Kpomassie ke ƙasar ake gina katafaren benen nan na Blok P a Godthåb, wato Nuuk, wanda ya ɗauki kusan kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasar baki ɗaya, aka kuma rushe shi a 2012. Mafaraucin da aka ɗauko daga bakin ruwa aka ajiye a hawa na huɗu, ba wajen ɗaure karnuka, ba wajen shanya nama, me ake so ya yi da yininsa? Abin da marubucin ya ɗauka kamar lalacewar hali, sau da yawa tabon wannan tashi ne.

Akwai kuma abin da ya fito fili daga baya. Daga 1966 zuwa 1970 an sa wa mata da ƴan mata wajen 4,500 na Girinlan abin hana ɗaukar ciki a mahaifa, da yawansu ba da saninsu ko yardarsu ba, kuma sai a 2025 Firaministar Danmak, Mette Frederiksen, ta nemi gafara a kan haka. Ba za a zargi matafiyi don bai ga abin da aka ɓoye ba. Amma wanda ya san wannan a yau, idan ya karanta yadda littafin ke maganar mata, da sauƙin da marubucin ke cewa ya samu wajensu, da al'adar musayar mata da ya ba da labari cikin annashuwa, dole ya ji wani abu ya tokare shi. Matan suna ɗinki, suna dafa kofi, suna dariya, suna shiga shimfiɗa, amma ba kasafai ake barin su su faɗi abin da ke ransu ba. Rabin ƙauyen ke nan ya yi shiru.

Daga nan sai batun amana. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, yau yana nan gobe ya wuce. To, raɓar da ta wuce ta koma ta rubuta wa duniya wane ne mashayi a gidan, wace ce ke fita da dare, ina ake ajiye bokitin bahaya, me sunanta? Gaskiyar da ta ba littafin ƙarfi ita ce kuma ta tona asirin waɗanda suka ciyar da shi a lokacin da su ma ba su ƙoshi ba. Duk mai labarin tafiya yana ɗauke da wannan bashi, daga Heinrich Barth da ya zauna a Agadas a 1850 har zuwa yau. Bambancin kawai shi ne Kpomassie bai keɓe kansa ba: ya nuna nasa tsoro, da kwaɗayi, da butulcin da wani lokaci ya yi wa masu masaukinsa. Wannan ya rage nauyin bashin, amma bai biya shi ba.

Abin da ya rage mana

Ta fuskar harshe, Faransancin littafin mai tsabta ne, irin na wanda ya koya da kansa ta hanyar yawan karatu: jimloli a miƙe, ba'a a ɓoye, ba ya neman burge kowa. Inda ya fi armashi shi ne inda yake ba da labari kamar mai hira a dandali; inda ya fi sanyi shi ne inda ya ɗauki muryar masana al'adu yana jera bayanai, kamar yana neman a yarda da shi a zauren malaman Paris. Ita kanta gabatarwar Malaurie, duk da alherin da ke cikinta, tana tuna mana cewa a 1981 sai da Bature ya sa hannu kafin a saurari ɗan Afirka a kan ƙasar da ba tasa ba.

Girinlan ɗin da ya gani ta canza. Ta sami ikon tafiyar da harkokin cikin gida a 1979, aka faɗaɗa ikon a 2009. Garuruwan sun koma sunayensu na asali, kalmar Eskimo ma ta ba da wuri ga Inuit da Kalaallit. A 2004 UNESCO ta sa fiyod na Ilulissat cikin wuraren tarihi na duniya, manyan jiragen ƴan yawon buɗe ido suna zuwa kallon ƙanƙarar da ɗumamar yanayi ke ci, a 2024 kuma aka buɗe sabon filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Nuuk. Oqaatsut kuwa, inda ya sha duhu, mutanen da suka rage a ciki ba su kai 50 ba. Yawan masu zuwa kallo na ƙaruwa, yawan masu zama a ƙauyukan na raguwa. Wannan ya ƙara wa littafin daraja, domin yana cikin ƴan kaɗan da suka shiga waɗannan ɗakuna suka zauna a lokacin da ake tsakiyar sauyin.

A matsayina na mai koyar da Faransanci da Hausa, ina ganin littafin ya cancanci a karanta shi a aji tare da rauninsa, ba a ɓoye raunin ba. Ɗalibi zai koyi abu biyu a lokaci guda: cewa ɗan Afirka na da ikon zuwa ko'ina ya duba ya rubuta, ba sai ya jira a zo a rubuta shi ba, da kuma cewa baƙar fata ba ta hana mutum kallon wasu da idon da aka kalle shi da shi. Muna da magabaci a wannan fage: Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Turai a 1855, ya kuma ba da labarin abin da ya gani da Hausa. Da za a sami mai himma ya fassara "L'Africain du Groenland" zuwa harshenmu, da an sha wuyar neman sunan abubuwan da ba mu da su, amma da an ga cewa maganar yunwa, da karɓar baƙo, da tashin ƙauye ba da son ransa ba, duk muna da kalmominsu tun tuni.

Amsar tambayar da muka fara da ita ke nan: idon Kpomassie rabi nasa ne, rabi na aro. Duk inda ya tsaya daga nesa yana neman mutanen cikin littafi, da na aron yake kallo; duk inda ya zauna a ƙasa ya sa hannu cikin akushin masu gida, da nasa yake gani. Shafukan kashi na biyu sun fi yawa, su ne kuma dalilin da ya sa har yanzu ake buga littafin bayan fiye da shekara 40.